Shagon da Ke Bin Ido

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba. Na tsinci kaina a wata kasuwa da ruwa ke tasowa daga ƙasa yana komawa sama, kowa ya juya lemarsa yana tare ƙafafu. Sana'ata ba ta canja ba, wankin hula nake yi kamar kullum. Sai dai shagona yana da ƙafafu huɗu irin na raƙumi.

Sarkin kasuwar wani bunsuru ne mai tabarau. Ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa a garinsu duk inda mai shago ya kai ido, can shagon ke nufa. Ya ce ba doka ba ce, haka aka halicce su. Ya koma ofishinsa yana taunar labule.

Hula ɗaya ce a hannuna, ta Baba Jatau, dattijon da tun ina koyon aiki yake kawo mini wanki. Shi ne waliyyi a ɗaurin auren jikarsa bayan sallar Juma'a, ga shi dattijo ba ya zama gaban jama'a kai ba hula. Na wanke ta, saura in sa mata sitaci in ɗora a katako ta bushe. Na hango shi yana tahowa da sandarsa, rana ta sauko ta zauna masa a tsakar kai.

Kallo ɗaya na yi wa wata mai awara da layi ya taru a gabanta. Shagon ya miƙe, ya taka har can. Kafin in ce wani abu, ga kasko a gabana, mai yana tafasa.

A jikin bango akwai wani ƙadangare, shi ne mai ba 'yan kasuwa shawara. Na tambaye shi ko awarar za ta karɓe ni, ya gyaɗa kai. Na ce cajin waya fa? Ya gyaɗa. Kiwon kaji? Ya gyaɗa har sau biyu. Na ji daɗi ƙwarai, don na daɗe ban ga mai fahimta irinsa ba.

Sai ga mu a bakin tasha, wayoyin mutane sun tsiro a rufin shagon kamar 'ya'yan mangwaro. Sai ga mu a layin masu kaji. Duk inda muka tsaya, in na waiga sai in ga Baba Jatau a baya, ya kusa isowa, sai idona ya faɗa kan wata sana'ar. Shagon ya sake tashi, mu bar shi a baya.

Da ladan ya fara kira, tsoro ya kama ni. Na sunkuyar da kai, na kafa wa hannayena ido, na ƙi duban ko'ina. A hankali shagon ya durƙusa.

Dattijon ya iso yana haki. Ya dubi kasko, ya dubi wayoyi, ya dubi kazar da ta kwanta cikin hularsa tana shirin yin ƙwai. Ya yi mini sallama irin wadda ake yi wa baƙo.

Ya ce, "Bawan Allah, da akwai wani mai wankin hula a kasuwar nan. Hannunsa na da kyau. Ka san inda ya koma?"

Na buɗe baki in ce Baba, ni ne. Abin da ya fito shi ne, "Awara da zafi, akwai caji, akwai kaji."

Ya ce Allah ya ba da kasuwa. Ya ɗora tafin hannu a kansa a madadin hula, ya nufi masallaci. Na so in bi shi, amma na san ina ɗaga ido shagon zai tashi.

Ina nan durƙushe ina kallon hannayena, injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.