Hitar da Ba Ta San Inna Ba

Saboda gwiwoyin mahaifiyarsa Akawu ya sa hitar dafa ruwan wanka. Tun da Inna ta dawo gidansa da zama, kullum da safe sai an ɗora tukunya, an juye a bokiti, ya ɗauka ya kai mata banɗaki, har bayansa ya fara ba shi shawarar ya nemi wata dabara. Hitar 'yar ƙarama ce, fara, manne da bango kamar akwatin magani. Ba ta da tanki, ba ta ajiye ruwa. Yana ratsa ta take dafa shi. Sau uku ya yi wa Inna wannan bayani da muryar wanda ya ƙera ta, alhali ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira wani.

"Allah ya yi albarka," ta ce.

Mako uku ke nan. Yanzu Inna na tari, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji, likita kuma ya tambaye shi ko tsohuwar da ruwan sanyi take wanka. Akawu ya ji haushin tambayar. Amma washegari, da ta fito, ya shiga ya tsoma yatsa a ragowar ruwan bokitinta. Sanyi ƙalau.

Ya kira mai aikin wutar da ya haɗa ta, ya tanadi faɗa tun daga ƙofa. Mutumin ya murɗa famfo har ƙarshe. Wata 'yar jar fitila ta kama, tururi ya tashi.

"Yallaɓai, lafiyarta lau. Wa ke amfani da ita?"

Aka kamo hannun Inna, aka kawo ta.

"Mama, buɗe mini yadda kika saba."

Ta ɗan taɓa kan famfon da yatsu biyu. Ruwa ya sauko siriri kamar zare. Fitilar ko motsi.

"To ga ta nan," in ji mai wutar. "Sai ta ji gudun ruwa take tashi. Irin wannan buɗewar, ba ta ma san an zo ba."

Akawu ya juya wajen mahaifiyarsa. "Inna, mako uku. Me ya hana ki faɗa?"

"Na ga kana murna da abinka."

"Mama, ki riƙa sakin shi sosai," mai wutar ya ce.

"In sake shi yana ta zuba? Ɗan nan, shekara talatin ina ɗauko ruwa a ka. Wannan da kake gani, da rabin bokiti na yi masa wanka har ya girma, kuma ga shi bai ƙanƙance ba."

Mai wutar ya dubi tumbin Akawu, ya tattara kayansa.

Da safe Akawu ya riga ta shiga banɗakin. Ya tara bokiti, ya murɗa famfon har ƙarshe. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da zani a kafaɗa, tana tari.

"Rage shi."

Bai rage ba.

"Da kai nake. Rage."

Shekararsa hamsin da biyu, bai taɓa barin ta ta maimaita magana sau biyu ba. Ya ƙura wa jar fitilar ido, hannunsa na kan famfon, har bokitin ya cika yana tururi. Ya fito, ta wuce shi ba ta dube shi ba, ta turo ƙofa.

Ya tsaya a waje da rigar ofis, hannun rigar a jiƙe har gwiwar hannu, yana sauraron tarin. Gobe ma zai makara.