Hannun da Ke Riƙe da Yaron

Bayan sadakar arba'in ɗin Delu, matata, na buɗe adudunta don in raba wa mata kayan sawarta. A can ƙasa, naɗe cikin tsumma, na tarar da hoto. Hatimin da ke bayan kwalin na wani ɗan Sanagal ne mai ɗaukar hoto a unguwar Treichville ta nan Abijan, tun ana kiran wurin Anoumabo.

Yaro ne da bai wuce yaye ba, zaune a kan kujerar da aka lulluɓe da zane. 'Yar shara a jikinsa, laya a wuya, tsagar Gobirawa a kumatu. Na daɗe ina yi wa Faransawa tafinta, na ga manya iri-iri a gaban akwatin hoto, kowa sai ya kumbura kamar kwaɗo. Wannan bai kumbura ba. Ya kafa wa mai hoton ido kamar shi ya zo duba aikinsa. Ban taɓa ganin mutum ya zauna da kyau haka ba.

Ni da Delu ba mu haihu ba. Na san ta yi aure kafin ni, mijin ya rasu a nan Abijan. Iyakar abin da ta faɗa mini ke nan.

Malam Harisu, maƙwabcina a unguwar Adjamé, ya ce in ƙona shi. Bai ko duba ba. Haka yake yi da yawancin abin da yake yanke wa hukunci.

Ni na duba. Da na sa tabarau na fito hasken rana, sai na ga kujerar tana da yatsu. Sun leƙo daga ƙarƙashin zanen, da lalle, sun tallafe ƙugun yaron don kada ya motsa hoton ya ɓaci. Ƙaramin yatsan a karkace yake. Na ci tuwo daga hannun nan har na tsufa.

Na tafi unguwar Bromakoté wurin Hajo mai fura, ƙawar Delu tun ƙuruciya.

"Malam tafinta! Yau littattafan sun sake ka?"

"Sun ba ni aron ƙafafuna. Hajo, don me Delu ta rufe fuska a hoton nan?"

Ta goge hannu, ta karɓi hoton, ta daɗe tana kallo.

"Ɗan fari ne, Malam. Da wane ido za ta zauna duniya na kallonta da shi a cinya? Mai hoton har faɗa ya yi, ta ce ko a rufe ta ko a fasa."

"Sunansa fa?"

"Ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari? 'Wancan' take cewa. Ni ma ya ɓace mini."

"Yana raye?"

"Da rai dai dangin uban suka ɗauke shi zuwa garinsu, Madawa. Ranar tafiyar aka yi wannan."

Ashe matar da nake yi wa gorin rashin karatu ta sami hanyar riƙe ɗanta a gaban kowa ba tare da ta zubar da kunyarta ba. Ban karanta dabarar da ta kai wannan ba.

Nomau, falken goro, zai hau jirgin ƙasa zuwa garin Bobo, daga can shi da ayarinsa su yi arewa, wajen Madawa. Ya ce in ba shi hoton ya yi mini cigiya. Na ce a'a, ya dai tanadar mini wurin zama.

"Baba, wa za ka ce kana nema?"

"Ban san sunansa ba. In ya kalle ni, zan gane shi."