Ranar da Baturiya Ta Ƙirga Shanu

Malam Ladan ya daɗe yana koyar da lissafi a makarantar elemantare ta wani ƙauye da ke tsakanin Kiru da Bebeji, tun tana rumfar kara har hukumar En'e ta gina mata ɗakuna na ƙasa. Hanyarsa ɗaya ce, ya rera yara su amsa. "Biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida," har a jiyo su daga bakin kasuwa. Wanda ya yi tuntuɓe kuwa tsumagiya na nan a jingine. Ba laifi, yaran suna haddacewa, sai dai in ka zube musu goruba shida ka ce su raba wa mutum uku, sai su yi ta zare maka ido.

Ana nan sai aka turo Malam Mudi daga birnin Kano, saurayi sabon fitowa daga makarantar horon malamai, aka ba shi aji ɗaya. Ba a jima ba ajin ya koma kamar rumfar 'yan koli: ga ƙwallayen tsamiya, ga tsakuwa, ga karan dawa an yayyanka an ɗaure goma-goma da kaba. Yara na zaune a ƙasa suna tarawa, suna kwashewa, suna gardama. Malam Ladan ya leƙa ta taga ya taɓe baki, ya ce wa ransa wasan ƙasa aka biya wannan yaro ya zo ya yi.

Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Amma a cikin ajin akwai Baturiya, 'yar autar Malam Ladan, wadda shi da kansa ya kai ta makaranta don mutanen gari su ga boko ba ya lalata 'ya mace. Tun bara yake zaunar da ita a zaure yana rera mata lissafi, ita kuwa ba ta tsinana komai sai hawaye. Yanzu ga ta ta dawo gida ba ta da zance sai na Malam Mudi. A tuwo Malam Mudi, a wanka Malam Mudi, har kajin gidan sun san sunansa.

Wata rana bayan la'asar ya tarar da ita a tsakar gida ta jera gyaɗa. Ta ce, "Baba, duba! In ka cire uku daga goma saura bakwai. Malam Mudi ne ya koya mana."

Ya ce, "Ke, ba ni na gaya miki haka ba tun bara?"

Ta ce, "Ka faɗa, Baba, amma ban gani ba. Shi ya nuna mini."

Asabe, matarsa, tana bakin murhu ta fashe da dariya. Shi kuwa Malam Ladan ya juya ya koma zaure. Kishi ne ya kama shi, tsagwaronsa, ko da yake da za ka tambaye shi sai ya rantse maka tarbiyyar yara yake ji wa tsoro. Shi ya haife ta, shi ya yi mata huɗuba, amma wani ɗan birni mai keke ya zo da ƙwallon tsamiya ya kwashe masa 'ya.

Lokacin kaka ne, Fulanin rugar Maikano sun sauko da shanunsu suna cin kara a gonakin gari, da hantsi su gangara mashaya a bayan makaranta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a tsayawa a nuna shanun Bafulatani da yatsa ana ƙirgawa. Sun ce baki na kama dabba, ga shi kuma ba mai ƙirga saniya sai ɗan jangali, mai karɓar harajin shanu. Malam Ladan ya san haka tun yana yaro. Ya kuma lura Malam Mudi bai sani ba.

Ya same shi a gindin ɗorawa yana ɗaure kara, ya ce, "Malam Mudi, sannu da ƙoƙari. Wallahi aikinka na kyau. Sai dai kullum tsakuwa, kullum kara? Ai yaro ya fi gane abu mai rai. Ga shanu can suna shan ruwa, ka kai su gobe su ƙirga."

Malam Mudi ya miƙe tsaye don ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa tunanin haka ba. Allah ya ƙara girma."

Abin da Malam Ladan yake so kaɗan ne, a ganinsa: makiyaya su yi wa ɗan birni tas a gaban yara, girmansa ya zube. Da safe ya ce wa Asabe kada ta bar Baturiya ta fita, ta ce mata akwai aiki. Asabe ta ba ta surfe ta shiga ɗaki. Kafin ta fito yarinya ta ajiye taɓarya ta bi ta dangar baya, don ba ta yarda ranar Malam Mudi ta wuce ta ba.

A mashaya Malam Mudi ya ba kowane yaro tsakuwa cikin ƙoƙo, ya ce duk saniyar da ta wuce a jefa ɗaya a ƙasa. Sauran yaran, 'ya'yan manoma, suka yi cirko-cirko, wasu suka ɓoye hannu a baya, don sun sha jin faɗan a gida. Baturiya 'yar malamin boko ce, ba wanda ya taɓa gaya mata. Ta hau kan dutse ta miƙa yatsa, murya tar, "Ɗaya! Biyu! Uku!" Tana yi tana dariya, har ta kai kan wata jar karsana da ke ƙarshen garke, ta ce, "Ga ta ƙarshe, kyakkyawa!"

Maikano ya taho da sauri, sanda a kafaɗa, dattijo ne mai farin gemu. Bai zagi kowa ba. Ya ce, "Malam, wa ya aiko ka? Hakimi ne?"

Malam Mudi ya ce, "A'a Baba, karatu muke yi."

"Karatu a kan dukiyata?" Ya juya ya dubi yarinyar da ke kan dutse, ya daɗe yana kallonta, sannan ya tofa addu'a ya kora shanunsa ba su gama sha ba.

Ba a rufa mako ba jar karsanar nan ta kwanta, ciki ya kumbura, ta mutu. Dabbobi na mutuwa kowace kaka, wannan kowa ya sani, amma ba wanda ya tuna. Magana ta zaga gari cewa 'yar Malam Ladan tana da baki. Dije, matar Maikano, da ta saba kawo nono gidan tun Baturiya na goye, ta zo wucewa Asabe ta kira ta. Ta tsaya daga waje ta ce, "Asabe, ki yi haƙuri, nonon ya ƙare," alhali ƙwarya cike take a kanta. A bakin rijiya mata suka riƙa janye 'ya'yansu in yarinyar ta matso. Yara kuwa ba su iya ɓoye-ɓoye ba, da sun hango ta sai su watse suna ihu, "Ku gudu kada ta ƙirga ku!"

Maikano ya kai ƙara gun dagaci, ya ce in haka ne zai tashi da garkensa ya nufi Doguwa. Dagaci ya tuna takin da gonakin gari za su rasa, ya kai magana gaban hakimi. Aka ɗauke Malam Mudi aka mayar da shi Tudun Wada. Ranar tafiyarsa ya zo har zaure ya durƙusa ya yi wa Malam Ladan sallama, ya ce laifinsa ne da bai tambayi al'adar mutane ba, bai ko ambaci wanda ya ba shi shawara ba. Malam Ladan ya sa masa albarka, kunya kamar ta kashe shi.

To, buƙata ta biya. Aji ɗaya ya dawo hannunsa, sunan Malam Mudi ya ɓace daga gidan. Sai dai Baturiya ma ta yi shiru. Ba ta jera gyaɗa, ba ta bin kaji, a aji tana can ƙarshe ta cusa hannuwa cikin zane.

Da abin ya ishe shi, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ta zaure. Ya zaro ƙwallayen tsamiya daga aljihu, waɗanda ya tsinto da kansa a ɓoye, ya zube su a kan tabarma. Ya sassauta murya ya ce, "Zo, uwata. Yau ni zan nuna miki. Ƙirga mini waɗannan."

Ta girgiza kai.

"Ƙwallo ne kawai, ba abin da zai same su. Miƙo hannunki."

Ta ƙara matse hannuwan a jikinta. Can ta ɗago ta dube shi, ta ce, "Baba, kafin saniyar ta mutu na ƙirga mutanen gidanmu. Na ƙirga Inna, na ƙirga Yaya Habu, kai na fara ƙirgawa. Yaushe za ka mutu?"