Shanun Aro

Tun ranar da ya dawo daga taron bita na masu kiwo ya hana a kira shi da sunansa, wai Manaja. Shanunsa biyu ne, ɗaya ma ta tsufa, amma ya kafa allo a ƙofar gida wanda ya fi ƙofar faɗi, an zana saniya mai hantsa kamar tulu.

Abin da ya hana shi sakat shi ne wata mata mai kamfanin yogot. Gona ɗaya take nema a unguwar inda za ta riƙa ɗaukar madara kullum, ta kuma ajiye mata firji. Manaja ya gaji da madarar da ke tsinkewa kafin a kai kasuwa, ya gaji da kallon da matarsa ke yi masa in ta zubar. Ya rantse firjin nan a ɗakinsa zai kwana.

A bitar, abu ɗaya ya shiga kunnensa: girma. Shi kuma a wurinsa girma yawan kawuna ne. Sai ya nufi gidan ƙanensa, can bayan rijiya.

"Ara mini shanunka gobe da safe, baƙuwa zan yi."

"To, Yaya. Da maruƙan?"

"Maruƙan me? Su cika mini wuri da zawo? Ƙirgawa kawai za ta yi ta tafi."

Kai, jama'a! Mutumin da aka haifa a gindin turke, ya san sarai irin shanun nan ba sa sakin nono sai ɗan maraƙi ya fara tsotsa. Amma Manaja ne yanzu, ya wuce wannan.

Da safe garke ya cika maƙil. An share, an wanke bokitai, shi kuma ya sa takalmin roba sabo fil. Mai yogot ta sauko daga mota, ko kallon allon ba ta yi ba.

"Ranki ya daɗe, ga su nan, sai ki ƙirga."

"Ni ba kawuna nake saye ba, madara nake saye. A tatsa in gani."

Ya yi wa matarsa ido, ta ɗauki bokiti ta tsuguna gindin ta farko. Ta ja, ta ja, ko ɗigo. Ta biyu ta kai mata harbi. Ta uku ta juya baya tana kuka, sauran suka amsa, daga bayan rijiya maruƙa suka ɗauka. Nasa biyun ma, da suka ga baƙi sun cinye musu dusa, suka ɗauke nono.

"Maigida," in ji matarsa, ba ta ko rage murya ba, "in ci gaba, ko allon zan tatso?"

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage. Yana cikin kame-kamen cewa sanyin safiya ne, sai babbar cikinsu ta tsinke igiya ta banke ƙyauren kara. Sauran suka rufa mata baya a guje.

"Ina za su?" in ji mai yogot.

"Motsa jiki, ranki ya daɗe. Sabon tsari ne."

Ta bi su da ƙafa, shi ma dole ya bi, takalmi na ƙwal-ƙwal. Suka tarar kowace ta sami ɗanta, nono na zuba har ƙasa, ƙanen ya rasa ma bokitin da zai tara. Mai yogot ta tsaya ta kalla har aka cika na farko, sannan ta tambayi ƙanen inda yake so a ajiye firji.

Ƙanen ya sosa ƙeya, ya dubi yayansa cikin ladabi.

"Yaya, ɗakina ya yi ƙanƙanta. Ko za ka ara mini naka in ajiye?"