Ranar da Ƙararrawa Ta Yi Shiru

Tun da Tela ya mai da shagonsa layin bayan coci, ya daina duba agogo, ƙararrawa ta ishe shi. Ya kuma san mai jan igiyarta: Yayansa ne, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan wata magana da shi kansa ya manta mafarinta. Kafaɗar Yaya ta daɗe da lalacewa, shi ya sa bugun ƙarshe kullum yake fitowa a raunane. Tela kan taɓe baki ya ce tsohon nan ya gaza, amma a ransa daɗi yake ji, don ta nan kaɗai yake sanin ɗan'uwansa ya kwana lafiya.

Ran wata Juma'a da safe sai ya ji shiru. Ya zura zare, ya kasa kunne, har rana ta ɗaga. Duk girman kan nan nasa, sai ga shi ya rufe shago, ko tef ɗin awo bai cire daga wuya ba.

Bai taɓa shiga cocin ba. Ya tarar da bagade, wato teburin ibada, fayau, kyandirori a kashe, an lulluɓe gicciye da jan yadi mai duhu. Wata dattijuwa tana goge benci.

"Inna, wa ya rasu?"

"Yesu," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Amma jibi zai tashi."

"A'a, mai kaɗa ƙararrawa nake nufi."

Ta yi dariya. "Ƙararrawa ai tun jiya muka ɗaure mata baki, sai Ista, ranar tashinsa. Ba mu kaɗai ba fa. 'Yata da ke wata ƙasa ta kira ni ɗazu, can ma tsit."

"Duk duniya? Wa ke sanar da su?"

"Kowa ya san ranar."

Tela ya tsaya yana ƙoƙarin hango garuruwan da bai san sunansu ba, kowanne da igiyarsa a rataye. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Sai idonsa ya kai ga bakin yadin gicciyen, ɗinkin ya karkace kamar tafiyar kaguwa.

"Wane mugun ne ya yi wannan ɗinkin?"

"Ni ne," aka amsa daga bayansa.

Yaya ne, ya rame, ya yi furfura, yana riƙe da wasu katakai biyu da ake bugawa a madadin ƙararrawa. Ya dubi tef ɗin da ke wuyan ƙanensa, ya dubi ƙafarsa, silifa wari daban-daban.

"Ka ɗauka na mutu ko?"

Sai hawaye suka zubo wa Tela.

"Wata nawa ina buga maka, ba ka zo ba," in ji Yaya. "Da na sani, da tuni na yi shiru."