Kayan Mutum Biyu a Tsakar Gida

Auta ko karyawa ba ta yi ba ranar. Yo ina bakin ci? Aikin gwajin da kamfani ya ba ta, wanda za ta nuna wa oga da hantsi ta kiran bidiyo, in ya yi a ɗauke ta aiki, shi ne ya ƙi tashi. Jiya-jiyan nan lafiya lau yake gudu. Yau tana dannawa allo ya cika da jan rubutu kamar an yanka kaza a kai.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, ita da mijinta Dogo, shi ma ɗan sana'ar haɗa manhajar kwamfuta ne. Su masu wannan aiki ba sa ƙera komai tun daga tushe, aron kaya suke saukewa daga intanet, kuma wani aikin tsohon samfuri kaɗai yake jituwa da shi. Shi ya sa ake gina wa kowane aiki ɗakinsa a cikin kwamfuta, a zuba kayansa ciki. Auta ta san haka sarai. Gaggawa ce ta sa ta zube nata a tsakar gida, inda Dogo, sarkin ƙyuya, ya daɗe da zube nasa.

Ta sake dannawa. Jan nan dai.

"Malam, ka taɓa wani abu?"

Dogo yana bakin ƙofa da buroshi a baki. "Ni? Me zan taɓa?"

"Dube ni."

Ya dubi silin. "Kawai dai kwamfutar ta ce sababbi sun fito, na ga kayan sun tsufa..."

"Ka sabunta? Duka?"

"Taimako ne ai."

"Taimako! Rigarka ta aure ma ka ƙi yarwa, sai kayana ne suka tsufa?"

Waya ta yi ƙara: oga ya ce ta shirya, yanzu zai kira. Babu lokacin gina ɗaki. Ta hau cire sababbin tana mayar da tsofaffin, intanet kuwa na jan ciki kamar hawainiya. Dogo ya kawo mata ruwa, ta harare shi, ya shanye abinsa.

Na ƙarshe bai gama sauka ba kiran ya shigo. Auta da ba ta iya doguwar gaisuwa ba, ranar har iyalan oga sai da ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, ido na gefen allo. Can na ƙarshen ya sauka. Ta danna tana salati a zuci.

Aikin ya tashi. Oga ya duba, ya yi tambayoyinsa, ya ce ta fara ranar Litinin.

Da azahar aka jiyo Dogo daga falo: "Auta! Nawa ya ƙi tashi!"

Tana cin abincinta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Taimako ne ai. Gina ɗakinka."