Kunun Daɓen Ɗakin Asama'u

A shekarar da fari ya biyo fari, ba da daɗewa ba bayan canjin kuɗi, mutane suna ta rikicewa tsakanin sule da kwabo, aka sa ranar auren Tasi'u ɗan Kaltume. Ƙauyen nasu yana arewa da Bici, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba ka sanin ka fita daga ta wani ka shiga ta wani sai ka tsallake jerin gamba. An sha ɗaga auren saboda yunwa, har uban yarinyar, Malam Khalilu, ya ce shi kam ya gaji. In ƙoshi za a jira, Asama'u a gidansa za ta yi furfura. A ɗaura kafin ruwa ya sauka, ta je ta taya mijinta shuka.

Tasi'u yaro ne mai zuciya. Da hannunsa ya yi tubali, ya tayar da ɗaki a gefen na uwarsa, abokansa suka taya shi ɗora jinka, sannan ya yi shirin tafiya birni ci-rani ya nemo abin sadaki da ɗan zanen amarya. Ƙasan ɗakin kaɗai ya rage, wannan kuwa ba aikin namiji ba ne. Uwar ango ke kiran matan unguwa, a baza marmara, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a durƙusa a jere da madaɓai ana bugu ana waƙa har ƙasa ta yi santsi ta yi jawur. Ba a biyan masu daɓe. Ciyar da su ake yi, kuma da abin da aka ba su ake auna gidan.

Nan gizo yake saƙa. Rumbun Kaltume ya daɗe da zama wurin kwanan ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. Tun da mijinta Malam Abdussalam ya rasu take lallaɓa gidan, bana kuwa kwaɗon rama da tafasa ne, sai ɗan garin rogo in an samu. Hatsin da ya rage a gidan duka yana rataye a saman murhu, ƙullin zangarniyar gero wanda hayaƙi ya dafe don kada ƙwari su ci. Iri ne. Marigayi ne ya yi ta zaɓensa kaka bayan kaka, gero mai saurin nuna, wanda ko damina ta yi gajeriya yakan ba da ɗan abin sawa a baka. Bara an shuka ya ƙone, an sake shukawa ya ƙone, wannan ƙullin ne kawai ya tsira. Na kasuwa kuwa daga kudu ake kawo shi, ruwa yake so mai yawa, a ƙasarsu sai dai ya yi kara ya tsaya.

Ranar da Tasi'u zai tafi ya durƙusa a ƙofar madafa ya ce, "Inna, ki yi mini addu'a. Kuma ko me za a yi, kada a taɓa irin nan. Shi ne gonarmu."

Ta ce, "Ni za ka gaya wa? Kafin a haife ka nake rataye iri. Tashi ka tafi, Allah ya tsare."

To, a faɗi gaskiya, Kaltume mace ce mai son a ce. Ba ta da rowa, ba ta da mugun nufi, amma tana son a fita daga gidanta ana yabo. Zamanin mijinta, in ta kira gayya, fura ake damawa mai kauri har ludayi ya tsaya a ciki, ita kuma ba ta ɓoye jin daɗinta in aka kwatanta da na wasu gidajen. Irin wannan mace yunwa ba ta cikinta take fara kamawa ba. Ta tara marmara a gindin katanga, ta jiƙa makuba a tsohuwar randa, ta aro madaɓai, komai ya kammala, amma bakinta ya ƙi buɗewa ta kira mutane.

Aminiyarta Luba ce ta gaji da jira. Ta shigo wata hantsi ta leƙa ɗakin, ta ga ƙasa tana nan yadda magini ya bar ta.

"Ke Kaltume, a kan turɓaya za ki ajiye 'yar mutane? Biki ya matso, ke kina ta kallon marmara kamar za ta daɓe kanta."

"Zan kira ku."

"Ki sa ranar Alhamis."

"Me Alhamis ta fi sauran ranaku?"

"Ke dai ki sa Alhamis. Ni zan gaya wa mata, har su Dokas na tsallaken rafi. Kuma don Allah kada ki wahalar da kanki da komai."

Luba ta fita, maganar ta zauna. Kada ki wahalar da kanki. Da alheri aka faɗa, amma Kaltume ba haka ta ji ta ba. Abin da ta ji shi ne an zauna an yi zancenta, an san tukunyarta a kife take, za a zo a yi mata aikin tausayi irin wanda ake yi wa gajiyayyu. Ta hango mata sun fito daga ɗaki gumi na zuba, hannaye sun yi kanta, ita kuma tana tsaye tana miƙa musu ruwan randa da "Allah ya saka." Ta hango labarin ya riga amarya isa gidan Malam Khalilu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta kasa cin ɗan kwaɗon da ta haɗa.

Ta yi kwanaki tana shawara da zuciyarta, zuciya kuwa in tana son abu ba ta rasa hujja. Zuciyar ta ce mata ai ba duka za a taɓa ba, rabi kawai. Ta ce ai Tasi'u zai zo da ɗan abin hannu. Ta ce wa ma ya san ruwan zai sauka bana? A rataye hatsi ana kallo, a bar bayin Allah su yi aiki da yunwa, wannan wane irin addini ne? Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi mata daɗi, don ta yi kama da tsoron Allah.

Ranar Laraba da rana tsaka, lokacin da mata suka watsu jeji neman ganye, ta taka turmi ta sauko da ƙullin. Ba ta yi sussuka ba. A shekara irin wannan, ƙarar taɓarya a kan zangarniya shela ce, duk unguwa za ta san gidan da aka taɓa iri, kuma da an ji da wani ya shigo ya riƙe mata hannu. Ita ma ta san haka, shi ya sa ta zauna a ƙuryar ɗaki tana murza zangarniya da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi na cin wuyanta. Ta murje rabi, ta duba ƙwarya, ta tuna yawan matan da za su zo, ta ga abin ba zai rufe ido ba. Ta ƙara kaɗan. Ta sake dubawa ta ƙara. Da ta ɗaga kai, abin da ya rage a hannunta igiyar ƙullin ce da zangarnu babu ƙwaya. Ta jiƙa geron, ta wanke shi har sau nawa, ta niƙa a dutse a hankali, ta jiƙa tsamiya.

Alhamis da sassafe mata suka cika gidan. Iya Zulaihatu, wadda ta fi kowa shekaru a unguwar, ita ta yi bisimilla ta fara yayyafa makuba. Aka durƙusa, madaɓai suka fara sauka tare, waƙa ta tashi. Duk da yunwa, mata ba su bar halinsu ba. Suka sa ango a waƙa, suka ce ya tafi birni neman sadaki zai dawo da tsohon takalmi, suka sa uwar ango, suka ce ta shirya kunnenta don daga yanzu ba ita kaɗai ke da murhu ba. Dokas matar Bawa, ta gidajen Maguzawan tsallake da suka koma zuwa coci, ita ta fi kowa murya, ta fi kowa ƙarfin bugu. Kaltume tana madafa tana jin su, tana gauraya kunu, ƙamshin tsamiya na tashi. Rabonta da jin kanta mutum haka tun mijinta na da rai.

Da rana ta take, ta rufe babbar ƙwarya da faifai, ta ɗauko ta da hannu biyu ta ajiye a inuwar ɗaki, ta jera ludaya.

"Ku fito ku jiƙa maƙogwaro. Ba yawa, ku yi haƙuri."

Iya Zulaihatu ta fito tana share gumi, ba ta ko dubi ƙwaryar ba, don ta ɗauka ruwa ne. Ta ce, "Ayya, 'yar nan, ai ni azumi nake. Alhamis ce."

"Ni ma haka," in ji Luba.

Ta bayanta ta ce ramuwa take yi. Wata ta ce ita ta yi alwashi ne. Haka aka bi layi kowa da azuminta, har aka zo kan Dokas, ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Ni ma fa azumin nake. Ko ku kaɗai kuka san hanyar Allah?" Aka fashe da dariya. Dariyar mutanen da suka ƙulla abu ne ya tafi daidai.

Kaltume ba ta yi dariya ba. Sai yanzu ta gane Alhamis. Ta tsaya, hannunta a kan faifai, ta rasa ko ta buɗe ko ta mayar. Iska ce ta yanke mata shawara, ta kwashi ƙamshin ta kai hancin kowa. Dariya ta mutu. Dokas ta matso ta ɗaga faifan, ta ga kunu mai kauri har bakin ƙwarya, ta tsoma ɗan yatsa ta ɗanɗana. Wanki ba ya fitar da hayaƙi daga geron da ya shekara a saman murhu, kuma duk matar manomi ta san wannan ɗanɗanon.

Dokas ta ce a hankali, "Kaltume, iri kika niƙa?"

Kaltume ta kawar da kai.

Luba ta yar da madaɓinta. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ta fito da zafi. "Gida gida na bi. Na ce kowa ta ɗauki azumi don kada matar nan ta ji kunya, don kada ta kalli abin da ke rataye. Wasunmu ko sahur ba su samu ba. Ashe ke kina nan kina niƙe gonar ɗanki don a ce Kaltume ta yi kunu! Wa ya tambaye ki? Wa a cikinmu ke da abin da zai yi miki gori da shi?"

"Ya isa, Luba," in ji Iya Zulaihatu. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sannan ta zauna a ƙasa ta ɗauki ludayi. "Abin da aka niƙa ba ya komawa zangarniya. Azumin nafila ne, wanda muka yi dominsa ya san dalili. Kada a haɗa asara biyu. Ku zo ku sha, ku rage wa yara."

Suka sha. Kaltume ta ciyar da mutane da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa ganin an sha abinta kai a sunkuye ba sai ran nan. Kunun ya yi daɗi, babu wadda ta faɗa. Suka koma ɗaki suka ƙarasa aikin, madaɓai na sauka babu waƙa. Ƙasan ya fito sumul, ja mai duhu, ba tsaga ko ɗaya.

Ana jibi ɗaurin aure Tasi'u ya dawo, ya rame, kafaɗunsa sun yi kanta don dako. Ya fara leƙa ɗakinsa, ya cire takalmi ya taka daɓen, ya shafa shi da hannu yana murmushi. Daga nan ya zo madafa ya durƙusa ya gai da uwarsa, ya ajiye mata zanen amarya da goro ta sa albarka. Yana cikin ba ta labarin birni idonsa ya hau sama. Ya ga ƙugiya babu komai. Ya bar maganar da yake yi a tsakiya.

Kaltume ta jira faɗa. Da ya yi faɗan da ta samu sauƙi, ta ce masa ita ta haife shi. Bai yi ba.

"Masu daɓe aka yi wa?"

"Su."

"Sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, bari in je wajen Baba Bawa da maƙwabtanmu su Malam Dabo, ko za a samu wanda zai tsakura mana ko tafi ɗaya ne. Hadari ya fara haɗuwa a gabas." Ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," ta ce.

Ta san yadda abin yake. Kowa nasa irin bai kai masa ƙarshen gona ba, wanda zai bayar daga bakin 'ya'yansa zai cire, kuma sai an tsaya a ƙofar gida an faɗi abin da ya faru da baki. Ango ne, jibi za a ɗaura masa aure, ba za a gan shi yana yawon roƙo a kan laifin da ba nasa ba.

"Ni na sauke shi, ni zan nemo."

"Inna, ke? Gida gida?"

Ta miƙe. Ta yafa mayafinta, ta ɗauki ƙaramar ƙwarya, ba ta ɓoye ta a ƙarƙashin mayafin ba. Rana tsaka ce, mutane suna zaune a inuwar ƙofofinsu, duk wanda ke unguwar zai gan ta. Ta tsaya a bakin zaure, ta dubi dama ta dubi hagu. Sannan ta nufi gidan su Luba, don can ne sallamar za ta fi yi mata nauyi.